Zuwa Ga Bazazzagin Kwali: Bana Kirsimetin Wace Ƙasa Za Ka Yi?

Gaisuwa da fatan alheri zuwa ga bawana ɗan Wusasa, mazaunin Kwali, malamin makaranta mai dogon bayani da gajeren hannu. Ina gaida uwargida, baiwar Allah mai haƙuri. Ina gaida yara. Ina kuma gaida zakaran nan naka da ake kiwo tun farkon damina, wanda har ƙafarsa ta fara kaushi bai san ranar da zai ga tukunya ba.

Na zaɓi in yi maka magana a wannan fili ne don a samu shaidu. Duk wanda ya zauna da Zagezagi ya san in aka ƙulla magana da su a ɗaki, kafin a fito tsakar gida sun sake mata riga da hula. To yau a bainar jama'a za a yi ta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙarata ba ta da tsawo. A unguwarmu kowane Kirista ya san ranar Kirsimetinsa. Maƙwabcinmu ɗan ECWA ya sani, ɗan Katolika na bayan layi ya sani, matar nan 'yar Baftis mai sayar da doya ta sani. Ranar 25 ga Disamba, kafin azahar kulolinsu sun gama zagaya gidaje. Kai kaɗai ne Kirsimetinka ta zama alkawarin tela ana jibi Sallah, kullum saura kaɗan. Ranar 24 ka ce jajibere ne, ba a fara ba. Ranar 25 ka ce kana sujada, daga can kuma ka zarce gidan Rabaran. Ranar 26 aka ce ka tafi gaida surukai. Da na ritsa ka a teburin mai shayi, sai ka gyara zaman tabarau ka ce wai bana da mutanen Habasha za ka yi, su kuwa sai 7 ga Janairu. Ranar 7 ta zo, ka ce ka zurfafa nazari, ka gano Armeniyawan Birnin Ƙudus sun fi kusa da asali, nasu kuma sai 19 ga wata. Ranar 19 ka ce albashin Janairu bai shigo ba.

Bakano ba ya shiga ciniki bai san farashi ba. Tunda da ilimi kake yaƙata, na je na binciko kalandun nan da kake fakewa da su, ɗaya bayan ɗaya. Gyara zama, yau ɗan kasuwa zai karantar da malami.

Inda kake da gaskiya guda ɗaya ne, kuma zan ba ka ita kyauta: Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba, ba ta kuma faɗi watan ba. Kiristocin farko ma Ista suka fi mayar da hankali a kai. Shaida mafi daɗewa ta 25 ga Disamba tana cikin wani kundin kwanaki da aka rubuta a birnin Rum a shekara ta 354, wanda ke nuna ana bikin a can tun wajen 336. Wasu masana sun ce an kai ga ranar ne ta hanyar ƙirga wata tara daga 25 ga Maris, ranar da coci ke tunawa da bisharar da mala'ika ya kawo wa Maryamu. Wasu sun ce an ɗora ta ne a kan wani tsohon bikin rana na Rumawa. A ƙasashen gabas kuwa 6 ga Janairu aka fara riƙewa, ana haɗa haihuwa da baftisma a biki guda. Sannu a hankali gabas ta karɓi 25 ga Disamba, in ban da Armeniyawa, waɗanda ƙasarsu ce ta fara ɗaukar Kiristanci a matsayin addinin hukuma, a shekara ta 301 bisa tarihinsu. Su har gobe suna kan 6 ga Janairu. Lura da kyau: shekara fiye da 1,600 suna kan rana guda. Ba su taɓa cewa albashi bai shigo ba.

Batun 7 ga Janairu kuwa lissafi ne ya kawo shi. Shekara 46 kafin Miladiyya, shugaban Rum Juliyas Kaisar ya tsara kalandar da ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da rubu'i. Ashe rubu'in bai cika ba, akwai rarar minti 11 da 'yan daƙiƙoƙi. Kai da ba ka taɓa riƙe jari ba za ka ce minti 11 har wani abu ne? Mu Kanawa mun san da kwabo ake tara dukiya, da kwabo kuma ake karyewa. Duk shekara 128 mintocin nan sukan taru su tashi kwana guda cur. Zuwa ƙarni na 16 bashin ya kai kwana 10, har Ista ta fara zamewa daga lokacinta. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya yanke hukunci: mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ya kuma toshe ɓarakar, ya ce shekarun da ke cika ɗari ba za su riƙa samun 29 ga Fabrairu ba sai wadda 400 ta raba daidai. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Italiya da Sifaniya da Fotugal da Foland suka bi nan take. Amma kakannin cocinka na Angilikan, wato mutanen Ingila, suka ce su ba za su karɓi gyara daga hannun Fafaroma ba, ko da kuwa gyaran daidai ne. Shekara 170 suka yi suna cijewa. Sai a 1752 suka sauko, lokacin bashin ya ƙaru zuwa kwana 11, suka yi tsalle daga 2 ga Satumba zuwa 14. Yanzu na gane ciwonka, gado biyu ka ci: taurin kan Zazzau ta wajen uba, na Ingila ta wajen coci. Sai dai ko wannan ba zai fisshe ka ba, domin lokacin da Likita Mila ya kawo mishan Zariya, har aka koma Wusasa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Ingila ta daɗe da tuba. Da gyararriyar kalanda suka zo muku. Tsohuwar majami'ar ƙasa ta Wusasa ba ta taɓa yin Kirsimeti a watan Janairu ba. In kana musu, mu je mu tambayi dattawanku, kuɗin mota a kanka.

Rasha ba ta gyara kalandarta ba sai 1918, bayan juyin juya hali, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu. Gwamnati ta gyara, cocin Otodoks ta ce tana nan a kan tsohuwa. Tazarar yanzu kwana 13 ce. Saboda haka in ka tari limamin coci a Mosko ranar 7 ga Janairu ka tambaye shi yau nawa ga wata a littafin ibadarsa, zai ce maka 25 ga Disamba. Bai ɗaga biki ba, bai yi wa kowa hanya-hanya ba, a ranarsa yake. Haka cocin Sabiya da na Jojiya. Na Girka da Romaniya da Bulgeriya kuwa, duk da su ma Otodoks ne, sun karɓi gyara, tare da ku suke yi. Ga albishir kuma: tunda 2100 za ta samu ƙarin kwana a tsohuwar kalanda amma ba za ta samu a sabuwa ba, daga 2101 Kirsimetin masu tsohon lissafi za ta koma 8 ga Janairu. Na san har ka fara murnar ƙarin kwana guda. Sai dai ka bar wa tattaɓa-kunnenka wasiyya.

Mu zo kan Habasha da ka ce ka koma. Su kalandarsu ma daban take: wata 12 masu kwana 30 kowanne, da ɗan ƙaramin wata na 13 mai kwana 5 ko 6. Sabuwar shekararsu a Satumba take kamawa, kuma ƙidayar shekarunsu tana bayan tamu da 7 ko 8. Kirsimetinsu, wadda suke kira Genna, tana faɗowa 29 ga watansu na Tahsas. Dubban mutane sanye da fararen mayafai sukan yi tattaki zuwa Lalibela, inda aka sassaƙa majami'u a cikin dutse, su kwana a tsaye suna ibada. Kibɗawan Masar ma ranar suke yi, 29 ga watansu na Kiyak, kuma a ƙarshen 2002 Hosni Mubarak ya mayar da 7 ga Janairu ranar hutu ga ƙasar baki ɗaya, Musulmi da Kirista.

Abin da ka ɓoye mini shi ne kuɗin shiga. Mutanen nan kafin su taɓa kazar biki sai sun yi azumin kwana 43, daga 25 ga Nuwamba: ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Rashawa nasu kwana 40 ne. Kai kuwa a cikin kwanakin nan da idona na gan ka gaban mai tsire a bakin titi, kana cewa a ƙara yaji a sa kitse. Kana son jinkirin Habasha, ba ka son yunwar Habasha. Ba a haka, ɗan Wusasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hujjarka ta 19 ga Janairu kuwa, ita ce ta fi kashe ka. Armeniyawan Ƙudus suna riƙe da 6 ga Janairu ne amma a tsohuwar kalanda, ka ƙara 13 ka ga inda ta faɗa. Sakamakon haka garin Baitalami, inda aka yi haihuwar, sau uku yake ganin Kirsimeti a kowane hunturu: Katolika da masu bin lissafin yamma a 25 ga Disamba, Otodoks na Girka da Kibɗawa da Habashawa a 7 ga Janairu, Armeniyawa a 19. Duk a gari guda, kowa da ranarsa da jerin gwanonsa. Mutanen garin sau uku suke tarbar baƙi. Kai ka ɗauki kwanakinsu uku ka mayar da su ƙofofin gudu uku.

Akwai inda siyasa ce ke juya ranar. Yukren ta daɗe tana yi tare da Rasha a 7 ga Janairu. A 2017 ta ƙara 25 ga Disamba cikin ranakun hutu, ya zama biyu. Da yaƙi ya yi tsanani, a watan Yulin 2023 Shugaba Zelensky ya sa hannu a dokar da ta bar 25 ga Disamba kaɗai, don kada ko biki ya haɗa su da Mosko. A can za ka iske gida guda, kaka tana riƙe da ranar da ta tashi ta gani, jikoki suna bin sabuwa, a dafa sau biyu don kada ran kowa ya ɓaci. A zamanin Tarayyar Sobiyat kuma, da hukuma ta hana bikin addini, sai mutane suka kwashe bishiyar ado da kyaututtuka suka kai daren Sabuwar Shekara, har yau kuma a Rasha a daren ne yara ke samun kyauta. Jodan ta bi hanyar sulhu: coci-coci suka yarda kowa ya yi Kirsimeti a 25 ga Disamba, kowa kuma ya yi Ista a lissafin gabas, don miji da mata masu ɗariƙa daban su ci biki rana guda.

Akwai ma waɗanda suka taɓa soke bikin ɗungurungum, kuma ina faɗa maka wannan ne gabana na faɗuwa, kada ka samu sabuwar dabara. Majalisar Sukotlan ta haramta shi a 1640, bai zama ranar hutu a can ba sai 1958. A Ingila masu tsattsauran ra'ayi sun hana shi daga 1647 zuwa 1660. A yankin Masacusets na Amurka, daga 1659 zuwa 1681, tarar sule biyar ake cin duk wanda aka kama yana shagalin Kirsimeti. A nan gida ma Shaidun Jehobah ba sa yi, cocin Deeper Life kuma taron ibada na kwanaki take shiryawa a lokacin. Waɗannan duk na girmama su, domin sun fito fili sun ce ba sa yi, ba wanda ya wanke hannu yana jiransu. Kai kuwa kana cikin 'yan gaba a waƙoƙin jajibere, muryarka har bakin kasuwa.

Ga tambayar da ta hana ni barci. Duniya cike take da masu gaggawar biki, me ya sa bincikenka bai taɓa kai ka wajensu ba? A Jamus da Suwidin da Nowe da Denmak, daren 24 ne babban dare, a nan ake cin abinci a buɗe kyaututtuka. Gidan sarautar Ingila kansa, shugabannin cocinka, a yammacin 24 suke musayar kyauta, al'adar da suka gada ta wajen danginsu Jamusawa. A Holan tun daren 5 ga Disamba yara suke karɓar nasu. A Meziko ana fara zagayen gida-gida tun 16 ga wata, dare tara a jere, kowane dare da gidan da zai ciyar da jama'a. A Filifin da zarar Satumba ta kama an fara kiɗan Kirsimeti a kasuwanni, daga 16 ga Disamba kuma a yi sujadar asuba tara, a fito a tarar da masu waina irin tasu a ƙofar coci. Sifaniyawa da ke jinkirta kyautar yara zuwa 6 ga Janairu, ranar tunawa da masanan da Linjila ta ce sun zo daga gabas don ganin jariri Isa, sun riga sun ci sun sha tun daren 24.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Foland. Ranar 24 da yamma yara suna leƙen sama, da zarar tauraro na farko ya fito sai a zauna cin abinci, kala 12, babu nama sai kifi. A kan teburin kuma ana ajiye faranti guda da kujera babu kowa, domin baƙon da zai iya faɗowa ba a gayyace shi ba. Mutanen da ba su taɓa ganin Bakano ba sun tanadar masa kujera. Kai da ka tashi kana ganinmu, in ka hango hulata daga nesa sai ka ce wa yara su ce ba ka nan, alhali takalminka na ƙofar ɗaki.

Bar ƙasashen waje, mu dawo Kwali. Ko a nan ai na san ba kowane gida ne ke yin biki a sa'a guda ba. Gwamnatin tarayya takan ba da hutun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, in sun faɗa ƙarshen mako a matsar da su gaba, kamar 2022 da Kirsimeti ta kama Lahadi aka huta Litinin da Talata. Amma kowane gida da nasa agogon. Ka tsaya bakin titin Abuja zuwa Lokoja tun wajen 20 ga wata ka sha kallo. Tun asuba, cikin hazon hunturu, motoci ne bi da bi: manyan bas-bas, da ƙananan motocin da kaya ya danne har bayansu na neman taɓa kwalta, buhun shinkafa a but, katifa ɗaure a sama, akuya ta leƙo da kai ta taga, doyar da aka tsaya aka saya a gefen hanya an cusa ta ƙarƙashin ƙafafun yara. Sun nufi Yangoji, su wuce Abaji da Koton Karfe, su haye gadar Murtala su bazu kudu. Ga 'yan kabilar Ibo da yawa, Kirsimeti takan fara ne ranar da mota ta tsaya a ƙofar gidan gado, ta kuma ƙare a makon farko na Janairu, bayan an yi ɗaurin aure da taron gari da buɗe sabon gida. Mutanen Kagoro kuma kowa ya san rabin zuciyarsu na kan 1 ga Janairu, ranar bikin Afan, don haka wasu sukan yi Kirsimeti a wurin aiki su ajiye tafiya sai ƙarshen wata.

'Yan Katolika tun daren 24 suke shiga coci. 'Yan ECWA da Baftis da safiyar 25 suke cika benci, Zumuntar Mata da ankonsu da kiɗan tulu. Ma'aikaciyar jinya da aikin kwana ya faɗa kanta, da ɗan sandan da ke shingen hanya, da direban da ke jigilar matafiyan nan, nasu bikin sai 26 ko 27, wani ma sai Sabuwar Shekara, iyalinsu kuma sukan ajiye musu cinyar kaza. Manomin Kilankwa ko Dafa yakan jira ya sayar da doya ko riɗi kafin ya san nauyin tukunyarsa. Ma'auratan da suka fito daga garuruwa biyu sukan raba: bana wajen dangin miji, baɗi wajen na mata, ko Kirsimeti nan, Sabuwar Shekara can. Duk waɗannan uzurai ne na gaskiya, kuma kowannensu yana ƙarewa da rana tsayayya wadda za a ce maka zo. A cikinsu wanne ne naka? Makaranta tana hutu tun tsakiyar Disamba. Surukanka suna Gwagwalada, tafiyar da ba ta kai shan rake guda ba.

Ka kuma san yadda garin nan yake. A gidajen Gbagyi da yawa za ka iske wa Musulmi, ƙane Kirista, tukunya ɗaya. Shi ya sa ana gobe biki, masu watanda sukan kira mahauci Musulmi ya yanka saniyar, don maƙwabci ya ci hankali kwance. A shimfiɗa buhuna a gindin mangwaro, a kasa nama tsibi-tsibi, kowane tsibi da tsoka da ƙashi da ɗan kayan ciki, masu zubi na tsaye kowa na sa ido kada hanta ta karkata gefe guda. Kashegari da hantsi sai ka ji sallama siririya a ƙofar gida. Yarinya ce cikin sabon ɗinki, kitso ya ja goshi har yana ƙyalli, takalmin ya ɗan yi mata yawa don ya kai baɗi, ta rungumo kula da hannu biyu, da ƙullin cincin a leda a kan murfin. Ta durƙusa ta ce wai in ji Mama a kawo wa Baba. A juye, a wanke kula, a saka mata tukwici. Wannan ita ce kalandar da ni na iya karantawa, kuma a cikinta gidanka ne kaɗai ba shi da shafi.

Tunda an zo batun tukwici, yarana sun ce in tambaye ka. Duk Babbar Sallah in sun kai maka cinyar rago, naira 20 kake ba su, su uku, ka ce su raba da adalci. Na karɓi takardar na duba, sai na ga ashe wa'azi take yi maka. A gabanta Janar Murtala ne, Bakano, wanda a 1976 ya ayyana wannan yanki a matsayin babban birnin tarayya. A bayanta Ladi Kwali ce, 'yar garin nan, tana gina tukunya, matar da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, Bature Michael Cardew ya gani ya yaba, ta shiga cibiyar tukwanensa a 1954, daga nan sunanta ya zagaya duniya. Bakano ya ba da gari, 'yar Kwali ta ba da tukunya, Bazazzagi kaɗai ake jira ya kawo abin zubawa. Na san za ka ce ai ku kuka ba da sunan, tunda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ne ya kafa tsohuwar Abuja a 1828, jikokinsa kuma suka sakar wa ƙasa sunan suka koma Suleja. Gaskiya ne, an gode. Amma wannan kyautar 'yan'uwanka ce, kuma suna ba ya maganin yunwa.

Na kuma san abin da ke bakinka, don na ga kana murmushin mugunta. Za ka ce mu da ba mu san ranar Sallarmu ba sai ana gobe, ina muka ga bakin magana? Za ka ce wani lokaci Maraɗi ta yi Idi yau, Katsina sai gobe, ga su kusa da juna. Haka ne. Watanmu 29 ne ko 30, sai an gani, sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, shekararmu kuma kwana 354 ce ko da ƙarin ɗaya, shi ya sa Sallah ke ja da baya da kimanin kwana 11 duk shekara, ta zagaya damina da rani. Amma ka duba wannan: matanmu sukan ji sanarwa da tsakar dare, su tashi su hura wuta, kafin a sauko daga Idi tuwo da miyar taushe na ƙofar gidanka. Mu da ke da sa'o'i kaɗan na shiri ba mu taɓa makara ba. Kai ranarka tana rubuce da jan tawada a kalandar bangon ɗakinka tun watan Janairu. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Saboda haka ga hukunci, kuma na yi maka sassauci don albarkacin uwargida. Ka zaɓi kalanda guda kafin Nuwamba ta ƙare, ka sanar a gaban mai shayi da shaidu biyu. In ta Wusasa ce, 25 ga Disamba da hantsi, ba sai na aiko ba. In ta Foland ce, daren 24, kala 12, na yafe tauraron. In ta Habasha ce, ba laifi, zan jira 7 ga Janairu, amma azuminka zai fara 25 ga Nuwamba, ni ne mai sa ido, na kuma riga na yi magana da duk masu tsire da balangu daga Kwali har Sheda, rabonka na nama a kawo shagona. In ta Filifin ce, to ana bin ka bashin wata uku. In kuma wa'adi ya cika ba ka zaɓa ba, za a ɗora ka a kan tsarin Baitalami: sau uku zan zo, kuma ba ni kaɗai ba, da 'yan'uwana na Kantin Kwari da suka daɗe suna son ganin Abuja.

Ka fara adashe tun yanzu, domin akwai babbar rana a gaba. A 2015 hutun Mauludi ya kama 24 ga Disamba, Kirsimeti ta biyo kashegari, ka ce bukukuwa sun yi yawa ka rikice. To masu lissafi sun ce a 2033, in Allah ya kai mu, Ƙaramar Sallah za ta zo sau biyu a shekara guda, ta farko a farkon Janairu, ta biyu a makon Kirsimeti. A wannan makon kular gidana da ta gidanka za su yi karo a tsakiyar layi, a buɗe su gaban jama'a, a ƙirga tsoka. Ina ba ka shawara ka nemi zakara na biyu.

Naka har kullum, ubangidanka Bakano.